Sau Goma Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Fabrairu, sha ɗaya na safe

Yau na buɗe shuɗiyar ambulan. Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, don wasiƙun ofishin haraji na mijina Douwe ne, kamar yadda tukwane suke nawa. Yana waje yana kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa. Ni kuwa ina ganin tambarin gida Holan, hannuna ya riga hankalina.

Wai kuɗin da suke mayar mana duk wata saboda bashin gida, yuro ɗari huɗu da talatin, sun ci gaba da shiga asusun Douwe bayan mun sayar da gidan mun ƙauro Suwidin. Wata goma sha bakwai cur. Wanda ya sayar da gida shi ke da alhakin cewa a tsayar, mu kuwa ba mu ce ba. Suna son abinsu, yuro dubu bakwai da ɗari uku da goma, kafin 14 ga Maris, in ba haka ba su ci mu tara.

Ba mu da kuɗin. Duk abin da gidan ya kawo ya shige cikin wannan ɗan akurkin katako mai yoyon rufi. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Layin farko ne, inda suka ce: "Kamar yadda muka sanar da ku a wasiƙunmu biyu da suka gabata." Waɗanne biyu?

Na tura ta ƙarƙashin kwandon burodi, na ɗora ruwan gahawa.

Litinin ɗin dai, bakwai na yamma

Na bari ya ci dankalinsa tukuna, sannan na miƙa masa.

"Na tsayar," in ji shi. "Makon da muka sa hannu. Ranar Talata ce, ana ruwa."

"To ga shi sun ce ba ka tsayar ba."

"Afke, shekara talatin da takwas ina riƙe da littattafan kamfanin madara, ko sisi bai taɓa yin ƙafa ba. Yaran ofis ɗin nan da ba sa iya haɗa biyu da biyu sai da na'ura, su za ki gaskata ki bar ni?"

"Ni ban ce komai ba."

"Fuskarki ta ce."

Ya ninke wasiƙar, ya kai ta kabad ɗinsa, ya kulle. Ya dawo ya zuba sukari a gahawarsa, muka ɗan yi maganar rufi, ya sake zubawa. Ba komai ba ne. Kowa yana yi.

Talata, 4 ga Fabrairu, azahar

Ya tambaye ni ko an kawo wasiƙa jiya. Na ce a'a.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, uku na yamma

Minti arba'in ina riƙe da waya suna kaɗa mini kiɗan da ko a jana'iza ba za a sa ba. Daga ƙarshe wata yarinya ta ɗauka, mai ladabi, har haushin ladabinta na ji.

"Uwargida Terpstra, asusun da sunan maigidanki yake, ba zan iya gaya miki komai a kansa ba. Ko yana kusa?"

Yana kusa, yana cikin rumfar itace yana jera icen da ya jera jiya. Na ce ya fita.

Abin da dai ta yarda ta faɗa shi ne sun tsayar da kuɗin, daga wannan watan ba abin da zai ƙara shiga. Sai ta rage murya ta ce, in akwai wani dalili, misali rashin lafiya, ana iya rubutowa da takardar likita, su duba batun tarar.

"Lafiyarsa ƙalau!" Da ƙarfi na faɗa, har kyanwa ta diro daga kan taga.

Ta ce to madalla. Na ajiye wayar ban yi mata godiya ba, abin da uwata za ta mare ni a kansa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, goma na safe

Mijin 'yarmu Renske ya ɗauke shi sun tafi sayo katakon gyaran rufi. Makullin kabad yana inda yake tun muna amarya da ango, cikin aljihun kwat ɗinsa ta zuwa coci. Yau na zama ɓarauniya a gidana.

Fayil-fayil a jere, kowanne da shekararsa a ƙeya. Na ciro na bara. Ga wasiƙun nan biyu, kowacce a watanta, a daidai ranar da ta zo. Ya huda su da abin huda takarda, ramuka biyu tsaf, ya saka su a mazauninsu. Bai buɗe su ba. Da ambulan ɗin da komai ya huda.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Sai littafinsa na shiga da fita, mai koren bango. Ranar sha biyar ga kowane wata: shiga, ɗari huɗu da talatin. Ranar sha shida: fita, ɗari huɗu da talatin. A gurbin da ake rubuta wanda aka biya, babu komai. Douwe, mutumin da ke rubuta kuɗin kan sarki ɗaya da sunan wanda aka aika wa wasiƙar! Na ƙirga, sau goma sha bakwai ne. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ban san inda zan fara shinshinawa ba, don sauran bayanin yana cikin kwamfutarsa, lambar kuma a kansa take.

Na mayar da komai yadda na same shi. Na soya masa kifi.

Litinin, 10 ga Fabrairu, biyar na yamma

Renske ta zo da burodin kirfa irin na mutanen nan, mai zaƙi kamar an yi don yara. Na gaya mata rabi. Ita dai tun tana ƙarama in aka ba ta rabi sai ta ƙwato sauran. Har yau da yarenmu take kiranmu, ni Mem, ubanta Heit.

"Mem, 'yan damfara ne. Haka suke yi wa tsofaffi, su bugo waya su ce daga banki."

"Ubanki ba tsohon da za a damfara ba ne. Shi ya kama manajan da ya ci kuɗin manoma, kina cikin zanin goyo."

"Wannan Heit ɗin da ne."

"Guda nawa gare ki?"

Ta murza ɓawon burodi. Can ta ce, "Mem, ba ki lura ba? Ranar Lahadi sau uku ya kira ɗana da sunan Hidde."

"Na lura rufin nan yana yoyo, mijinki kuma ya ce zai gyara tun kaka."

Ba na son a ambaci sunan ɗana a kan teburin da ake maganar kuɗi. Shekara goma sha uku ke nan yana kwance bayan cocin garinmu, a bar shi ya huta.

Ta ce za su biya daga kuɗin da suke tarawa na canza mota. Na ce ko kusa. 'Ya'ya uku gare ta, motar kuma sai an roƙe ta take tashi. Ba mu tsallako teku don mu zama kaya a kan kowa ba. Ta tafi tana fushi, ta bar safar hannunta.

Laraba, 12 ga Fabrairu, safe

Takalminsa ɗaya a cikin firiji, kusa da cuku. Na fitar kafin ya tashi. Ba komai ba ne.

Asabar, 15 ga Fabrairu, shida na yamma

Tun bayan karin kumallo yana gaban kwamfuta. Ya duba, ya tashi, ya leƙa taga, ya dawo ya duba. Bai ci abincin rana ba.

"Bai shigo ba," in ji shi.

"Mene ne bai shigo ba?"

"Kullum sha biyar yake shigowa."

Na ce yau Asabar, wataƙila sai Litinin. Ƙarya nake yi, na san ba zai ƙara shigowa ba. Na tambaye shi me zai yi da shi in ya shigo, ya dube ni kamar na tambaye shi me ake yi da ruwa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, huɗu na yamma



Bayan abincin rana na ɗan kishingiɗa. Da na farka gidan shiru, kwat ɗin coci ba ta kan ƙusa, hularsa ma haka. Na bi sawunsa a dusar ƙanƙara da silifas ɗin ɗaki. Na same shi can wajen tafki, a gefen titi, yana tafiya da sauri irin ta wanda ya makara.

"Douwe! Ina za ka?"

"Gidan Sikke. In ba shi haƙuri, in ce gobe zan kawo."

Sikke Wiersma abokinsa ne tun firamare, shi ne ma'ajin cocinmu. Gidansa yana Holan, tafiyar kwana guda a mota, har da tsallaka teku.

"Ka kawo me?"

"Kuɗin wurin yaron mana. In ba a biya ba suna tonewa, Afke, kin san doka. Su cire dutsen su ba wani wurin. Na ga yadda aka yi wa kabarin gidan Boersma."

Na san doka. A wurinmu hayar kabari ake yi, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shi ke nan. Amma mun sabunta. Tare muka je, mako guda kafin mu taso, muka biya na shekara ashirin a falon Sikke, matarsa ta ba mu gahawa da biskit ɗai-ɗai. Ni na riƙe masa tabarau yana sa hannu.

Ban ce masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ce yau Lahadi, Sikke ba ya karɓar kuɗi ranar Lahadi. Ya tsaya ya yi tunani, ya ce gaskiya ne, abin kunya ne ma a je. Na riƙo hannunsa muka juyo. A hanya ya ga ƙafata, ya ce wace irin mace ce ke fita da silifas a wannan sanyi.

Yanzu na san inda kuɗin suka tafi. Da ma 'yan damfarar ne.

Litinin, 17 ga Fabrairu, tara da rabi na safe

Na kira Sikke daga rumfar itace, na ja ƙofa.

"Afke," in ji shi. "Ina ta jiran wayarki."

"Jiran wayata? Tun yaushe?"

"Tun da kuɗin wata na huɗu suka shigo."

Kuɗin suna nan, ko yuro ɗaya bai taɓa ba. Bai shigar da su littafin coci ba, ya ware su gefe. Na farko ya ɗauka kuskure ne. Da suka kai uku ya mayar da su asusun Douwe gaba ɗaya. Washegari suka dawo masa, tare da wasiƙa mai zafi, wai shi Douwe Terpstra bai taɓa cin bashin matacce ba, ba kuma zai fara a kan ɗansa ba. Tun daga nan duk wata sai kuɗi su zo, wasiƙa ta biyo baya: ga kuɗin sabunta wurin Hidde, a yi haƙuri da jinkiri.

Raina ya ɓaci, na manta da cewa dattijo ne mai shekara saba'in da biyar.

"Wata goma sha bakwai, Sikke! Bakinka ciwo yake yi? Ba ka da lambata? Matarka ba ta aiko mini da katin Kirsimeti ba, da hoton jikokinta masu kunnuwa kamar faranti? Layi ɗaya ya gagare ku?"

"Ba a shiga tsakanin mutum da littafinsa, Afke. Kin san mu."

"Na san ku. Gida zai ci wuta ku tsaya kuna jiran a gayyace ku kashewa."

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Taron shekara na ƙarshe da ya yi mana, sau biyu ya karanta rahoton kuɗi, daga farko har ƙarshe. Muka tafa masa sau biyu. Kina layi na uku. Ke ma kin sani, ba ki faɗa ba."

Na ce itace na jirana. Kafin in ajiye ya ce zai mayar da kuɗin duk ranar da na ce, amma muddin asusun yana hannun Douwe, washegari za su dawo. Sai in Douwe ya sa hannu ya ba ni asusun.

Laraba, 19 ga Fabrairu, biyu na rana

Na gwada. Na zaɓi lokacin gahawar ƙarfe goma, na yanka masa burodin sukari da na toya da kaina irin na gida. Na ce an yi kuskure an biya Sikke fiye da kima, ya kamata mu karɓo.

Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba. In ya yi fushi agogo yake gyarawa. Yau ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"In karɓo kuɗin kabarin ɗana? In ce su tone shi don a biya 'yan haraji? Ke kuwa uwarsa ce?"

Ni na haife shi. Ni na wanke shi ranar farko, ni na zaɓi rigar da aka sa masa ranar ƙarshe, lokacin da wani ya kulle kansa a ofis yana haɗa lissafin madara. Duk wannan ya zo mini har bakin haƙora. Na haɗiye, na kwashe kofuna.

Bayan awa ɗaya ya shigo kicin yana tambaya ko akwai sauran burodin nan mai daɗi, wa ya kawo mana?

Na tsane shi yau. Na rubuta, ba zan goge ba. Minti goma na yi ina tsanarsa, sannan na yanka masa wani.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa. Rufi yana yoyo. Saura mako uku.

Litinin, 24 ga Fabrairu, sha biyu na rana

Tun ranar nan maganar Sikke take cina. Bari in rubuta ta ko na samu ta sake ni.

Kowa ya ɗauka don jikoki muka ƙauro. Renske ta yi shekara biyar tana roƙo ina cewa a'a, ni da garinmu sai dai gawata. Sai ga shi bayan taron nan da mako biyu na ce mu tafi. Na ga yadda suka tafa masa karo na biyu, a hankali, ba mai kallon wani. Na ga mai sayar da cuku ya fara ƙirga masa canji a tafin hannu kamar yaro. A garin da manoma ke cire hula in ya wuce! Na ce ba za su ga ƙarshen wannan ba. Na kawo shi inda ba wanda ya san ko shi wane ne, inda in ya yi shiru za a ce yaren ne bai iya ba.

Na ɗauka ɓoye shi nake yi. Ashe na raba shi da hanyar da ƙafarsa ta sani, da kabarin da yake zuwa duk Asabar da almakashin yankan ciyawa. Da yana ganin dutsen da idonsa, da bai yi ta biya ba.

Na kira Renske na ce ta nemo mana ganin likita. Ba ta ce "ai na gaya miki" ba. Ban san inda ta koyo wannan haƙurin ba, ba dai a wurina ba.

Litinin, 3 ga Maris, huɗu na yamma

Na ce masa gwajin hawan jini ne. Ya sa taye.

Likitar mace ce, Renske tana fassara. Ta ba shi kalmomi uku ta ce ya riƙe mata. Sannan ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Wayyo, zo ka ga Douwe! Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara, yana yi yana murmushi, har ya kai biyu, ya ce ko ta fi son ya ci gaba zuwa ƙasa da sifili? Ta yi dariya. Na ji kaina ya yi girma kamar ranar aurenmu.

Sai ta tambayi kalmomin nan uku. Ya dube ni. Ta tambayi shekarar da muke ciki. Ya faɗi shekarar da Hidde ya rasu.

Da ya fita wurin awon jini, ta yi mana bayani. Ta ce sai an ɗauki hoton kai kafin a tabbatar, amma ba ta son ta yaudare mu. Ta faɗi kalmar. Renske ta buɗe baki za ta fassara, ta kasa. Na ce ta bari, kalmar ɗaya ce a yarensu da namu.

Ba zan rubuta ta a nan ba. Tana cikin takardar da ta ba mu, ya isa.

Laraba, 5 ga Maris, sha ɗaya na safe

Saƙon Sikke ya iso jiya: jerin kuɗin da ranakunsu, da wasiƙun gaba ɗaya, da rasidin asali na shekara ashirin. Na kwana ina juya yadda zan yi. Renske ta ce akwai hanyar kotu, a ba ni iko ko bai yarda ba. Na ce ba zan kai mijina gaban alƙali a ƙasar da ba ya jin abin da ake faɗa a kansa ba.

Da safe ya tashi garau, har ya tsokane ni a kan gashina. Na ninke saman takardar inda sunaye suke, na ajiye a gabansa.

"Akawu, duba mini wannan. Wani ne ya kawo, ya rasa gane kansa."

Ya sa tabarau, ya ɗauko rularsa ta ƙarfe, ya ɗora a layin farko, yana saukowa ɗaya bayan ɗaya. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ofis.

"Wannan ai abu ɗaya ake ta biya. Ga rasidi nan ya nuna an gama tun farko. Sau goma sha bakwai!" Ya yi tsaki. "Wane ne wannan? Da a ƙarƙashina yake da tuni ya koma tatsar shanu."

Ya miƙa hannu ya warware ninkin da kansa.

Ya daɗe yana kallo. Ya jawo wasiƙun, ya karanta ta farko, ta biyu, ta uku, duk magana ɗaya, duk hannunsa. Ya jera su gefe da gefe ya daidaita bakinsu da rula. Agogon bango ya buga rabi.

"Ni ne ko?"

"Kai ne."

"Tun yaushe?"

"Ya kai shekara biyu."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Su Sikke fa?"

"Duk garin."

Ya cire tabarau ya goge da bakin taye, ya mayar. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan ciwo ba, kuma na ga abubuwa.

"Wurin yaron dai an biya?"

"An biya, Douwe. Shekara ashirin. Ba mai taɓa shi."

"To. Kawo inda zan sa hannu, tun ina nan."

Ya karanta takardar bankin har ƙananan rubutun ƙasa, ya gyara wani waƙafi, ya sa hannu. Ya rubuta mini lambar kwamfuta a bayan ambulan. Sannan ya tashi ya je wurin kwat ɗinsa, ya dawo ya ajiye makullin kabad kusa da kofina, ya ɗora rular a kai.

"Ki riƙa rubuta wanda aka biya," in ji shi. "Kada ki bar gurbin nan fanko, aikin banza ne."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji.

Alhamis, 6 ga Maris, safe

Ya birkice gidan yana neman makullinsa. Ya ce wani yana shiga masa kaya. Makullin yana wuyana a zare, ƙarƙashin riga. Na taya shi nema.

Talata, 11 ga Maris, uku na yamma

Banki sun amince. Sikke ya turo kuɗin jiya, yau na tura wa masu shi, dubu bakwai da ɗari uku da goma, Renske tana tsaye a kaina tana nuna mini inda zan danna. Na haɗa musu da wasiƙa da takardar likita saboda batun tara. Sau huɗu na sake wasiƙar. A uku na farko na rubuta cewa mantuwa ce irin ta ƙaura. A ta huɗu na rubuta gaskiya, da kalmar da komai, na sa sunana ni kaɗai a ƙasa.

Na buɗe koren littafin na shigar. Rubutuna kusa da nasa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na cike gurbin.

Juma'a, 14 ga Maris

Ranar da na yi mako shida ina tsoro. Ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina caɓi. Jiya da yau sau biyar ya tambaye ni ko an biya Sikke.

Lahadi, 16 ga Maris, goma na safe

Kalandar ranakun haihuwa tana rataye a bayan ƙofar banɗaki, kamar a kowane gida na mutanenmu. Ita ce abu na farko da na kafa wa ƙusa da muka iso. Ba ta da shekara, wata ne kawai da sunaye, shi ya sa ba ta tsufa. A shafin Maris, ranar sha shida, akwai sunan Hidde da hannun Douwe, da ɗan gicciyen da na ƙara a gefe daga baya. Yau da ya cika talatin da tara.

Jiya na rasa yadda zan yi da tambayar nan, sai na ɗauki rasidin asali, mai hatimin coci da sa hannun Sikke da nasa, na manna shi a ƙarƙashin kalandar, daidai inda idon mai zaune zai sauka.

Da safen nan ya shiga ya daɗe. Ina kicin ina yanka cuku, kunnena yana wurin ƙofar. Ya fito yana gyara ɗamara, ya tsaya a bakin kicin, kafaɗunsa a miƙe yadda na daɗe ban gani ba.

"Afke, na biya kuɗin wurin yaron. Shekara ashirin. Kada ki sa damuwa a ranki."

"Kai, madalla. Yaushe?"

"Tun kafin mu taso. Kin san ni ba na barin abu ya kwana."

"Na san ka."

Ya zauna, na zuba masa gahawa. Ya sa sukari, ya juya, ya sake miƙa hannu. Na tura masa gwangwanin kusa.

Bayan ya sha ya sake shiga banɗaki. Ina jin ya fito yanzu, yana tahowa, yana kiran sunana da muryar mai albishir. Bari in ajiye alƙalami, in shirya fuskata.